Ku Tambaya Mu Amsa: Ra'ayoyin da Ake Yi wa Caa a Gidan Kallo

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo kusan duk hanya ɗaya suka bi. Kowa yana da wani ra'ayi a kan wasanni wanda in ya furta shi a majalisa ko a gidan kallo sai a yi masa caa, yana kuma so mu raba gardama. Mun ɗauki bakwai. Wasu mun goyi bayansu, wasu mun saɓa musu, amma kowa mun nuna masa inda zai ajiye idonsa idan ya zauna kallo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni a wurina wasan da aka tashi babu ci yakan fi wanda aka tashi 4-3 daɗi. Duk ranar da na faɗi haka sai abokaina su ce ban san ƙwallo ba, wai ƙungiyar da ta koma gida ta tare ba wasa take yi ba. Ni ne a kan kuskure? (Daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Muna tare da kai, amma da sharaɗi, za mu zo kansa.

Abokanka ƙwallo suke bi da ido. Ƙwallo kuwa ɗaya ce a tsakanin mutum 22, a kowane lokaci mutum ɗaya ke riƙe da ita, sauran 21 suna can suna wani aiki. A wasan da ba a ci ba, yawancin gwanintar tana wajen waɗannan 21 ɗin, shi ya sa wanda bai saba kallonsu ba yake ganin babu abin da ya faru.

Ɗauki wasan Maroko da Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar. Minti 120 aka yi babu ci. Sifaniya ta riƙe ƙwallo sama da kashi 70 cikin ɗari, ta yi fasin wajen dubu, amma sau ɗaya tak ta buga wadda ta nufi cikin raga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Maroko ta fitar da ita 3-0 a bugun fenareti, kuma har ta kai wasan daf da na ƙarshe ƙwallo ɗaya aka zura mata, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida a karawarsu da Kanada. Akwai tsari a bayan wannan, ga yadda yake.

Faɗin fili mita 68 ne, 'yan baya huɗu ba za su iya rufe shi ba. Sai su matse su tsaya a faɗin yadi na 18, wajen mita 40, su ƙyale ɗan wasan da ke can ɗaya gefen shi kaɗai. Da gangan suke ƙyale shi, domin kafin doguwar ƙwallo ta tashi ta sauka a ƙafarsa ya tare ta, layin gaba ɗaya ya zame ya iske shi. 'Yan tsakiya su ma suna jere a gabansu, tazarar layukan biyu ba ta wuce mita 10 zuwa 15, don kada a samu wanda zai karɓi ƙwallo a tsakani ya juya. Koci Walid Regragui ya ƙara da dasa Sofyan Amrabat a cikin wannan ratar, aikinsa ya tsaya a kan hanyar da fasin zai bi zuwa ga ɗan gaba. Sau da yawa ba sai ya taɓa ƙwallo ba, tsayuwarsa kawai ke sa mai ƙwallon ya fasa ya mayar da ita baya. Duk fasin da ka ga an mayar baya, akwai wanda ya jawo shi.

Gwada wannan a wasa na gaba. Ka ba kanka minti biyar ba ka kallon ƙwallo, sai 'yan bayan nan huɗu. Duba ko suna takowa gaba tare idan an mayar da ƙwallo baya, suna kuma ja da baya tare idan mai ƙwallon ya ɗaga kai babu mai matsa masa. Sannan ka lura da lokacin da suke fitowa farauta. Ba sa fitowa haka siddan, sai mai karɓa ya ba su baya, ko ƙwallo ta kuɓuce masa a taɓawar farko, ko an tura ta bakin layin gefe inda ba shi da mafita sai ɓangare ɗaya.

Inda abin ke lalacewa ma abin kallo ne. Idan ɗan baya ɗaya ya yi zumuɗi ya fito tarar ƙwallo, na kusa da shi bai matso ya rufe gurbinsa ba, nan take ƙofa ta buɗe. Idan kuma suna ƙwacewa suna dokawa gaba babu mai riƙe ta, za ta yi ta dawo musu ba su ko numfasa ba, daga minti na 70 kuwa ƙafa kan yi nauyi, layin ya fara zamewa a makare. Shi ya sa abin da Inter ta yi a gidan Barcelona a 2010 ya cancanci a sake kallonsa. An kori Thiago Motta tun minti na 28, suka yi sama da awa ɗaya da mutum goma, Samuel Eto'o ya koma yana aikin ɗan baya na hagu, sai a minti na 84 Barcelona ta samu ƙwallo ɗaya wadda ba ta ishe ta wucewa zagaye na gaba ba.

Sharaɗin da muka ce shi ne, dole a samu aƙalla ɓangare ɗaya da ke neman ci da gaske. Faransa da Denmak sun tashi babu ci a gasar duniya ta 2018 domin canjaras ya wadatar da kowa, 'yan kallo a Mosko suka yi ta yi musu ihu, kuma sun yi daidai. A gasar duniya ta 1982 Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya ɗaya tun wajen minti na 10, sai duka biyun suka daina wasa saboda wannan sakamakon ya wuce da su ya kori Aljeriya. An ci ƙwallo a wannan wasan, amma ya fi kowane 0-0 muni, kuma shi ne dalilin da ya sa aka koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Shi kuwa 4-3, ka zauna ka ƙirga: nawa ne daga cikin bakwai ɗin gwaninta ta kawo, nawa ne kyautar mai tsaron raga?

Tambaya: Ra'ayina a jefar da na'urar VAR mai sake nuna wa alƙali hoton wasa a koma yadda ake da. Yanzu ko an ci ƙwallo mutum ba ya iya tsalle sai ya jira. Kuskuren alƙali ai yana cikin daɗin wasa. (Daga Agege, Legas)

Amsa: Alhaji, a nan mun rabu, kuma mun san yawancin masu karatu bayanka za su bi. Mai cewa kuskuren alƙali yana cikin daɗin wasa, ba a kansa kuskuren ya faɗa ba. A nan Legas ɗinku aka buga wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka ta 2000, Najeriya da Kamaru suka tashi 2-2. A bugun fenareti Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki sandar sama ta sauka bayan layi ta dawo, alƙali ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta ɗauki kofi da 4-3. A yau, inda aka sa na'urar layin raga, agogon alƙali zai sanar da shi cikin sakan ɗaya.

Akwai kuma ranar da na'urar ta juya mana baya. A watan Fabrairun 2024, wasan daf da na ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu, Victor Osimhen ya ci ta biyu saura 'yan mintuna a tashi, sai aka kira alƙali ya duba. Ashe tun a farkon korar Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a cikin yadi na 18 na Najeriya. Aka soke ƙwallon, aka ba su fenareti, suka farke. Ya yi ciwo, amma hukuncin daidai ne, kuma wanda ke son a yi masa adalci a 2000 dole ya karɓi na 2024.

Ƙorafinka yana da tushe a wuri biyu. Na farko satar gida. Ana duba ta ne a daidai lokacin da ƙafar mai bayarwa ta taɓa ƙwallo, ana kuma auna kowane sashe na jiki ban da hannu. Kyamarar talabijin hoto 50 take ɗauka a sakan. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 8 a sakan, ke nan tsakanin hoto da hoto ya yi gaba da wajen santimita 16, in ɗan baya yana takowa ta ɗaya hanyar tazarar ta ƙaru. To mutumin da ya zaɓi hoto ɗaya ya ja layi ya ce an yi satar gida da santimita uku, ya yi hukunci a kan abin da kayan aikinsa ba su iya gani ba. An rage wannan matsalar a Qatar da kyamara 12 masu bin wuri 29 a jikin kowane ɗan wasa, da wata 'yar na'ura a cikin ƙwallo mai aika saƙo sau 500 a sakan, amma ba kowace gasa ke da kuɗin wannan ba.

Na biyu shi ne rage gudun hoto. Duk taɓawa idan aka nuna ta a hankali sai ta yi kama da mugunta. Ƙa'idar ma ta ce a rage gudu don a ga inda aka taɓa, a bar hoton a gudunsa don a auna ƙarfin taɓawar, amma sau da yawa alƙali yana isa gaban allo ya tarar an tsayar masa da hoton a wuri mafi muni.

Da aka shigo da na'urar a gasar duniya ta 2018, abu huɗu aka ba ta: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wani ɗan wasa kati a madadin wanda ya yi laifin, duka kuma sai kuskuren ya fito fili. A ganinmu can ya kamata a riƙe ta. Abin da aka duba minti ɗaya ba a gane ba, bai fito fili ba, a bar hukuncin alƙali. Satar gidan da ba ta kai tafin hannu ba, a bar wa mai kora.

Tambaya: Duk ranar da manyan 'yan dambe suka yi turmi uku, wato zagaye uku, babu kisa sai in ji kuɗin ƙofata sun tafi a banza. Yayana yana cewa irin wannan damben ne na masana. Wa ya fi gaskiya? (Daga Funtuwa)

Amsa: Yayanka ya fi ka gaskiya, ɗan'uwa, ko da yake ba kowane turmi uku ne ya cancanci yabo ba.

Fara da kayan aikin. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa, ƙyalle a ciki, zare a kai har wuyan hannu. Shi ne mashinsa. Ɗayan a buɗe yake a miƙe gaba, shi ne garkuwa. Ɗan boksin yana da hannu biyu, zai iya yin ta zungura da na gaba ba ya asarar komai. Ɗan damben gargajiya makami ɗaya gare shi, kuma a baya yake riƙe da shi, kafin ya isa fuskar abokin karawa sai nauyin jiki duka ya tashi daga ƙafar baya ya koma ta gaba. In ya samu, shi ke nan. In ya kuskure, ga shi a sunkuye, mashi a ƙasa, fuska a waje. Ka kuma tuna ba sai an sumar da mutum ake kisa ba, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an gama. Mutum na iya kai naushin da zai kayar da shi da kansa. Saboda haka gwani ba ya sakin hannu sai ya ga ƙofa, kuma idan gwanaye biyu suka haɗu kowa ya san gaba da gabanta.

A lokacin da kake ganin ba a yin komai, kalli garkuwa. Da ita ake auna tazara, da ita ake danne garkuwar abokin karawa don a buɗe hanya, da ita ake tare masa gani. Kalli kafaɗar mashi, yadda ake girgiza ta don a ga ta ina mutum zai kauce, a ajiye wannan sanin sai turmi na biyu. Kalli ƙafar gaba, musamman in an haɗa bahago da mai dama, domin ƙafafunsu na gaba gefe ɗaya suke, wanda ya fitar da tasa ta waje shi ya samu miƙaƙƙiyar hanya. Akwai kuma masu kai ƙafa, su ke sa mutum ya sauke garkuwa ya bar sama a buɗe.

Ga yadda za ka raba na gaske da na cin kuɗin ƙofa. Shin suna tsaye a inda hannu zai iya kaiwa, ko kowa ya ja da baya taku biyu yana rawa? Idan an saki hannu, ana mayar da martani, ko rungumar juna ake yi a jira alƙali ya raba? Sau nawa aka tsaya gyaran zare? Wani babban suna kare sunansa kawai yake zuwa yi, kada a ce a ɓangarorin dambe Kudu ta buge Arewa ko Guramada ta buge Jamus ta kansa, musamman in akwai damben da ake sa mota kyauta a gaba. Wannan kana da haƙƙin ka yi fushi da shi.

Kisan turmin farko da kake so, sau da yawa alama ce ta an haɗa waɗanda ba sa'o'in juna ba. A nan muna da ra'ayin da tsofaffin 'yan kallo ba sa so: a riƙa auna nauyi, a duba naɗin kowa a gaban alƙali kafin a shiga, a ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili. Mafi muhimmanci, wanda aka sumar kada ya dawo fili a wannan makon. A boksin ana hana shi aƙalla kwana 30, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne mai kashewa ko nakasawa. Wanda ya tashi daga kisa yana amai, ko jiri, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, asibiti za a kai shi a daren. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai taɓa kalangu ko kirari, sai ma ya sa gwani ya daɗe ana kallonsa.

Tambaya: Abokan kasuwancina na Kano suna cewa kokawarmu riƙe-riƙen hannu ce kawai. Ni kuma na ce ta fi dambe. (Daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ba za mu ce ta fi ba, amma a tsari ta sha gaban dambe nesa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗinku ya ɗauka, Nijar take da gasa ɗaya ta ƙasa da kowa ya yarda da ita: jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa goma, a ƙarshe mutum ɗaya ya riƙe takobi. Shi ya sa in an ce Isaka Isaka na Doso ya ɗauka sau shida babu mai musu. A dambe kuwa kowane gida da sarkinsa.

Riƙe-riƙen hannun da suke rainawa, a nan ake cin kokawar. Ka ce su duba hannun wa ke ciki, domin mai hannun ciki shi ke da hanyar ƙugu. Su duba kan wa ya fi ƙasa, da yadda kowa ke ajiye ƙafafunsa can baya don kada a kama. Mai nutsawa neman ƙafa yana ba da wuyansa da bayansa, in bai samu ba a danne shi. Kayen kansa sakan ɗaya ne ko biyu, wanda bai bi abin da ya gabace shi ba zai ɗauka tsautsayi ne.

Tambaya: Ina son kallon Super Falcons, amma 'yan'uwana maza suna canza tasha, wai ƙwallon mata ba ta da sauri. Me zan ce musu? (Daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, kada ki yi musu a kan saurin, gaskiya ne a jimlace maza sun fi gudu da ƙarfin bugu. Ki tambaye su ko sauri suke kallo. Fili ɗaya ake bugawa, mita 105 da 68, raga ɗaya, faɗi mita 7.32, tsawo 2.44. Tunda ba a rufe fili da gudu kamar na maza, mai ƙwallo tana samun sararin ɗaga kai, kuma mai kallo yana ganin yadda ake gina kora tun daga baya. Mai son koyon tsarin wasa ya fi saurin ganewa a nan.

Sai ki kawo musu wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a Rabat, Yulin 2025. Maroko a gidanta ta ci biyu kafin minti na 25. Esther Okoronkwo ta farke ɗaya da fenareti, Folashade Ijamilusi ta farke ta biyu, Jennifer Echegini ta ci ta uku a minti na 88. Kofi na goma ke nan, alhali Super Eagles uku gare su, 1980 da 1994 da 2013. A gasar duniya ta 2023 sun doke mai masaukin baƙi Ostireliya 3-2, Chiamaka Nnadozie ta tare fenaretin Christine Sinclair ta Kanada, Ingila kuma ba ta fitar da su ba sai a bugun fenareti bayan minti 120 babu ci. In sun ji wannan suka canza tasha, ba sauri ne damuwarsu ba.

Tambaya: Ni na fi son in je filin wasa na Ƙofar Mata in kalli Kano Pillars a kan in biya kuɗi in kalli Firimiyar Ingila a talabijin. Ana ce mini ɗan ƙauye. (Daga Kano)

Amsa: Sai masu gida, Malam. A ƙwarewa babu haɗi, Ingila ta yi nisa, kai ma ka sani. Amma akwai abin da kake gani wanda na gidan kallo ba ya gani. Kyamara ƙwallo take bi, ba ta cika nuna fiye da sulusin fili ba. Kai kana ganin mutum 22 a lokaci guda: ɗan gaban da ya yi gudu uku ba a ba shi ba, ɗan bayan da ke tsawa yana jan layi, mai tsaron ragar da ya fito bakin yadi na 18 yana jiran doguwar ƙwallo. Duk abin da muka gaya wa mai tambaya na Gusau, a fili aka fi ganinsa.

Wurin zama yana da tasiri. Nemi daidai layin tsakiya, ka hau sama kaɗan, daga nan ake ganin tazarar layuka. Bayan raga kuma shi ne wurin ganin faɗin 'yan baya da ramukan da ke buɗewa a tsakaninsu. Tunda da la'asar aka fi buga wasannin, zauna a ɓangaren yamma rana ta kasance a bayanka.

Masu raina gasar Najeriya su tuna Pillars ta ɗauki kofi a 2008, ta kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan daf da na ƙarshe. Enyimba ta ɗauki wannan kofin a 2003 da 2004. Ahmed Musa a Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai, waɗanda suka je fili sun riga duniya ganinsa.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya a kan abin da ke korar mutane. Fili mai gargada yana sa ƙwallo tsalle, ɗan wasa ya buƙaci taɓawa biyu inda ɗaya ta isa, kafin ya daidaita an cim masa, sai kowa ya koma doka ta sama. Wannan laifin fili ne, ana ɗora wa yaran. Doguwar tafiya a mota kwana ɗaya kafin wasa ita ma tana cin ƙafa. Mafi muni shi ne magoya bayan da ke ganin haramun ne baƙo ya yi nasara a gidansu, su yi jifa, su tsare alƙali. Wasan da aka san sakamakonsa tun kafin a busa usur ba wanda zai biya ya kalla, kuma mai jifa shi ke jawo a rufe fili ko a kai ƙungiyarsa wani gari. Mai son Pillars da gaske shi ne wanda zai ga an ci ta a Kano ya tashi ya tafi gida lafiya.

Tambaya: An kai ni kallon polo, ban ga komai ba sai ƙura da dawakin masu kuɗi, alƙali yana ta busa ban san dalili ba. Wannan wasa ne ko nuna arziki? (Daga Katsina)

Amsa: Ranka ya daɗe, tsadarsa gaskiya ce, amma wasa ne na gaske, kuma garinku na cikin gidajensa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai matakin gwaninta na 7 a ma'aunin da ke farawa daga 2 ƙasa da sifili ya tsaya a 10. Kofin Georgian da ake yi a Kaduna kuwa tun 1919 ake fafatawa a kansa.

Ƙa'ida ɗaya ce ta hana ka gane busar. Duk lokacin da aka bugi ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama layi, kamar titi, kuma wanda ke bin layin nan shi ke da hanya. Wanda ya gitta gabansa a kusa ya yi laifi, domin dawaki biyu a guje in suka yi karo rai ake magana. Yawancin busar da ka ji a kan wannan ne. Dalilin ke nan kuma da ya sa kowa da dama yake riƙe sanda, ko da bahago ne. Hanyar ƙwace layi ita ce ka jera da mutum kafaɗar doki da kafaɗar doki ka ture shi gefe, ko ka maƙale sandarsa da taka lokacin da ya ɗaga zai buga.

Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon mita 274 da faɗin 146. Ana wasa zango-zango, kowane minti bakwai, a sauya doki a tsakani saboda ba dokin da zai jure wannan gudu da birki har ƙarshe. Da gefen kan sandar ake bugu, ba da tsininsa ba. Duk lokacin da aka ci kuma sai a sauya raga, wannan ma yana rikita sabon ɗan kallo ya ga kamar mutum na kora gidansa. Ka sa ido a kan mai lamba 3, yawanci shi ne gwanin ƙungiya mai raba ƙwallo, da mai lamba 4 da ke tsaron baya. Sannan ka kalli dokin kansa, yadda yake tsayawa cak daga cikakken gudu ya juya a kan ƙafafun baya da linzami a hannun hagu kaɗai. In ka koma, kada ka tsaya a ƙasa bakin fili inda ƙura take, hau sama daidai tsakiya, duk bugu ka zana layin a ranka ka duba wa ke kansa. Kafin zango na uku za ka riƙa sanin laifi tun alƙali bai busa ba.